Fata Ko Asali: Nazari Kan Finafinan Soyayya Da Samarin Tasawa Da Mayahi

A bazarar da ta wuce, a wata unguwa ta garin Tasawa wadda ba sai na kama sunanta ba, an mayar wa waɗansu dattawa da goron tambayar da suka kai gidan wani maƙwabcinmu, aka ba su haƙuri cewa yarinya an riga an yi mata miji, alhali kuwa babu wanda bai sani ba a unguwar cewa ba a yi mata ba, kuma aibin da aka gani ga yaron bai wuce cewa kakansa Buzu ne da ya gangaro daga arewacin Mayahi a wata shekarar yunwa, ya sami gona ya zauna ba. Yarinyar, wadda ke aji na uku a koleji, ta kwana uku ba ta sa wa bakinta komai ba sai ruwa; uban kuwa, da abin ya ishe shi, ya karɓe salularta ya ɗora bisa turmi, ya sa taɓarya ya ragargaza ta a gaban ƙannenta, yana rantsuwa cewa finafinan da ke ciki su ne suka koya mata son wanda ba jinsinta ba. Kafin mako ya kewayo magana ta kai bakin masu wa'azin dare da mazauna gindin bedi, kowa ya yi ittifaƙi a kan hukunci guda, wato fim ya ɓata yara. Wannan ittifaƙi, da saurin da aka yi wajen cim masa, shi ya hana ni sakat har na ɗauki alƙalami.

Bari in faɗi inda na dosa tun da wuri, don kada mai karatu ya wahala. Gaskiya ne finafinan da ke nuna saurayi da budurwa sun tsallake iyakar launi ko ƙabila ko addini sun yawaita a hannun yaranmu, yawaitar da iyayenmu ba su taɓa mafarkinta ba. Kuma duk mai zama zaurukan masu unguwa da na malamai ya san rigimar auren da yara ke so iyaye suka ƙi ba ta yankewa a can. Amma haɗuwar abu biyu a zamani ɗaya ba ta zama hujjar cewa ɗayan ne ya haifi ɗayan, ko ɗalibin da bai wuce farkon karatun manɗiƙi ba ya san haka. Fim a wannan mas'ala misalinsa misalin baƙo ne da ya sauka a gida ya iske ana faɗa, aka ɗora masa laifin don shi kaɗai ne ba shi da dangi a garin. Masu faɗan na haƙiƙa su ne biɗa da lakwal a gefe guda, waɗanda suka cakuɗa ɗiyanmu da na wasu, da bin diddigin asali a ɗaya gefen, wanda har yau yake auna mutane da mudun zamanin da ya shuɗe.

Abin da ya ƙarfafa mini wannan ra'ayi wani tsohon fim ne. Masu bin tarihin sinima a ƙasar nan sun san Jean Rouch, Bafaranshen da ya zo Nijar a 1941 yana injiniyan hanyoyi, wanda ajalinsa ya same shi cikin hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. A 1959 ya tara ɗaliban aji ɗaya na lisen Cocody a birnin Abidjan, farare da baƙaƙe, waɗanda ke wuni ɗaki ɗaya gaban malami ɗaya amma da an tashi kowa ya kama hanyar jinsinsa, ya ce su ƙaga labari da kansu su buga shi gaban ƴar ƙaramar kyamararsa, ba da rubutaccen wasa ba. Labarin da ya fito shi ne na wata yarinya, Nadine, wadda ta iso daga Faransa, ta ƙi bin wannan ƙa'ida da ba a rubuta a ko'ina ba, ta ƙulla ƙawance da Denise, ƴar Afirka, sai samarin ɓangarorin biyu suka faɗa sonta, kishi ya shiga tsakani, har ɗayansu ya salwanta a teku. Fim ɗin, mai suna La Pyramide humaine, ya fito a 1961, kuma abin da mai shi ya fi alfahari da shi shi ne cewa yaran da suka fara wasan suna baƙin juna sun ƙare shi suna abokai na gaske.

Na nuna wa samarin wata fada wannan fim da daddare, kwamfuta bisa tabarma, ana dafa shayi na biyu, ina fassara musu abin da ya ɓuya gare su. Sun yi dariyar wandunan zamanin da irin rawarsa, sun yi gardama a kan wane ne cikin samarin ya fi cancanta, amma batun fari da baƙi, wanda shi ne jigon fim ɗin, bai girgiza kowa ba. Da aka gama, wani daga cikinsu wanda ya je Libiya sau biyu ya aje kofinsa ya ce, “Mushe, wannan ai mun gan shi a Sabha, inda yaro ƙanƙane zai kira ka bawa bisa titi ka haɗiye ka wuce. Amma gwamma su, tun da abin da suke ƙi a fili yake, ido na ganinsa. Mu nan wanda zai hana ka ɗiyarsa fatarku ɗaya, harshenku ɗaya, sahu ɗaya kuke yi a masallaci. Sai dai ya aiki tsohuwa garinku ta tambayo masa wane ne kakanka.” Na karanta bahasi da yawa a kan wariyar launi, ban taɓa jin wanda ya taƙaice namu ciwon kamar yaron nan ba.

Yadda finafinan ke isowa ba ya bukatar dogon sharhi. Jiya sai mutum ya tafi Maraɗi ko Damagaram ya ga majigi, daga baya kaset da faifai suka shigo ta Jibiya da Ɗan Isa aka buɗe gidajen kallo na zana; yau kuwa a kowace kasuwa, daga Korgom da Maijirgi har Kanembakashe da Gidan Amumun, akwai yaro zaune ƙarƙashin laima da kwamfuta da faifan sola, yana sharjin waya yana tura fim cikin kati da kuɗin da bai kai na kwanon fura ba. Da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, da kuma lokacin takunkumin 2023 da aka yanke mana wuta, shinkafa ta yi tsada, magani ya yi wuya, amma ban ji wanda ya rasa sabon fim ba. Gundumomin Tasawa da Mayahi sun haura mutum miliyan ɗaya tun a ƙidayar 2012, kusan rabinsu kuwa ba su kai shekara 15 ba. Wanda duk yake zaton zai tare wannan kogi da taɓarya, to, ya tanadi turame da yawa.

Su kuwa labaran da ke cikin katin, wanda ya dube su da idon insafi zai ga ba su zo mana da baƙon abu ba. Finafinan Indiya da iyayen yaran nan suka kalla tun suna samari, irin Bobby na 1973, inda ɗan attajiri Bahindu ke son ɗiyar masunci Kirista, da Ek Duuje Ke Liye na 1981, inda masoyan ko harshen juna ba su ji, su ne dai jikokinsu ke dawowa yau cikin fassarar kamfanin Algaita da bakin Kano. Littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990 aka mai da shi fim, a kan ɗiyar mai kuɗi da ɗan talaka yake. Sangaya na 1999 a kan yarima da baiwar gidansu. Mansoor na 2017 a kan ɗalibai biyu da tambayar wane ne uban yaron. An zargi littafin Gidan Dabino a zamaninsa da koya wa ƴan mata faɗawa rijiya, har gwamnatin Kano ta kai ga ƙona littattafan soyayya a 2007, amma ba a ji auren dole ya ragu ko rijiyoyi sun huta saboda wannan ƙuna ba. Kafin duk waɗannan ma, ai da dandali, da kalangu, da sarkin samari, da tsarance, kuma kakanninmu mata sun san waƙoƙin da amarya ke kuka da su in an ba ta wanda ba ta so. So ba a cikin kati ya zo ƙasar Tazarawa ba.

Abin da ya sake shi ne faɗin duniyar da yaro ke gani kafin ya yi aure, kuma babban sababin wannan shi ne biɗa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai a bakin Gulbin Kaba yau jikoki ashirin ke dubanta, hatsin da aka girbe ba ya kai gida ga damina, saboda haka da an ɗaure damma sai ƙauye ya zama na mata da tsofaffi: wasu Kano da Legas, wasu Agadas, wasu Libiya da Aljeriya, wasu ramukan zinariyar Jado tun da aka gano ta a 2014. A can yaron da bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da Bazabarme ba zai kwana ɗaki ɗaya da Tubawa da Larabawa da mutanen Sudan, wanda ya ɗauke shi ranar da zazzaɓi ya kayar da shi wataƙila ɗan maƙera ne, wanda ya cinye masa kuɗin aiki kuwa wataƙila ɗan sarauta ne. Mutumin da ya ga wannan da idonsa, ya kuma ɗanɗani wulaƙancin da ake yi wa baƙar fata a bakin teku, in ya komo gida aka ce masa wane ba sa'an aurenmu ba ne don kakan kakansa an saye shi, zai ji maganar da wani kunne dabam da wanda ubansa ya ji ta da shi. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: kuɗin sadaki da na akwati yanzu daga aljihun yaron suke fitowa, daga guminsa na hamada, ba daga rumbun gandu ba, wanda ya biya kuwa, a kowane zamani, yakan so a ji ta bakinsa.

Sababi na biyu lakwal ne, musamman koleji, domin ita ce ta ƙago wa ƴan mata wani abu da babu shi a da, wato ƴan shekaru tsakanin balaga da ɗakin miji. Koleji ɗaya kan tattara yaran ƙauyuka goma ko fiye, ɗiyan manoma da na Fulanin ruga da na Buzaye da na Barebari da na ma'aikatan da gwamnati ta turo daga yamma, a zaunar da su bisa tebur ɗaya gwargwadon sunansu ko tsawonsu, a jera su a ƙarshen wata gwargwadon makinsu, babu mai tambayar nasabar kowa. Yarinyar da ta ga ɗan wanzami ya zo na ɗaya shekara uku a jere, ya kuma taimake ta da lissafi ba tare da ya raina ta ba, ba ta bukatar Indiya ta gaya mata cewa mutum ne. A nan ya kamata a tuna da ƙididdigar da ta fi kowace ban tsoro: binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15, a jihar Maraɗi kuwa adadin farko ya kai kashi 89, kuma dokar ƙasa kanta shekara 15 ta yanka wa mace. Ƴan matan Rouch, a shekarun da suke gardamar soyayya da siyasa a Abidjan, sa'o'insu a Isawan ko Hawandawaki suna goye da na biyu. Saboda haka abin da yarinyarmu ke kallo da sha'awa a fim, in an yi tahƙiƙi, lokacin da aka ba waccan ta yi tunani ne ya fi launin saurayin ɗaukar hankalinta.

Yanzu sai mu zo ga tushen ciwon, wanda shi ne asali, kuma a nan nake so in daɗe, domin shi ne abin da masu zargin fim ke kewayewa kamar yadda ake kewaye kabari a hanyar gona. Mu ba mu ƙin launi a aure, bal ma muna nemansa. Bahaushen da ya auro Bafulatana ko Balarabiya ko farar Ba'abziniya, taya shi murna ake yi, maroƙa su yi ta kirarin farar mace, kuma man shafawar da ke ɗaye fatar ƴan matanmu a kowace kasuwa shaida ne a kan inda zuciyarmu ta karkata. Da a ce wani ɗan Tasawa zai komo da Baturiya ta musulunta, da garin ya cika da guɗa. Ƙyamar tana tashi ne in an juya tafiyar, wato in mu ne za mu ba da ɗiya, kuma mai karɓar yana cikin waɗanda al'ada ta aje a ƙasa: maƙeri, mahauci, wanzami, maroƙi, majemi, da wanda ake raɗe-raɗin kakanninsa bayi ne. Kowa na bukatar garmar maƙeri da naman mahauci da askar wanzami ranar suna, kowa na jin daɗi maroƙi ya ambaci ubansa a taro, amma in ɗansu ya yi sallama da goro sai a tuna cewa yarinya an yi mata miji.

Kalmar Buzu kanta ta ishi mai nazari misali. A bakin Bahaushe ta game duk mai rawani da takobi, amma a asalinta tana nuni ga waɗanda ke ƙarƙashin manyan Abzinawa, kuma da yawa daga Buzayen da ke zaune a arewacin Mayahi da wajen Urafan manoma ne baƙaƙe, Hausa suke yi a gida da kasuwa, sun yi zamani uku ko huɗu suna biyan haraji tare da mu. Irin wannan yaro yana tsakanin ƙofa biyu rufaffu: Bahaushe ya ce masa Buzu, farin Ba'abzine kuwa ya ce masa bawa. Turawan mulki sun soke bauta a takarda tun 1905, ƙungiyar Timidria tana fafutuka tun 1991, majalisa ta mai da bauta laifi a 2003, kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani, wadda aka bautar, gaskiya a kan ƙasar Nijar a 2008; duk wannan ya kwance igiya daga ƙafa, amma bai goge sunan daga bakin tsofaffin da ake aikawa binciken aure ba. Abin mamaki kuma, mu da ke wannan tankaɗe da rairaya, tarihinmu kansa na gauraye ne: Katsinawan da jihadi ya koro suka iske Tazarawa da Azna, Gobirawa suka zo, Barebari suka zo daga gabas, aka yi ta auratayya har ba mai iya rantsuwa a kan jininsa. Wasan taubasantaka da muke taƙama da shi, na Fulani da Barebari, na Gobirawa da Zabarmawa, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2014, ai ba daga sama ya faɗo ba; galibin labaran da ake bayarwa na tushensa a kan wani tsohon aure suke komawa.

Da a ce wannan tsanani daga addini ya zo, da sai mu yi shiru mu bi, amma littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure ba su goyi bayansa ba. Fuƙaha'u suna kiran dacewar miji da mata kafa'a, kuma mazhabobi sun saɓa a kanta: Hanafawa da Shafi'awa sun sa nasaba da sana'a cikin ma'auni, Malikawa kuwa, waɗanda mu ke bi tun da Musulunci ya shigo ƙasar nan, sun taƙaita ta ga addini da kuɓuta daga aibobin da ke sa a raba aure, har Muhtasar na Shaihu Halil ya bayyana cewa ƴantacce da wanda ba sharifi ba da wanda bai kai matar daraja ba duk sun isa su aure ta. Zaidu ɗan Harisa ƴantacce ne ya auri Zainab ɗiyar Jahshi, Baƙuraishiya ta wajen uwa kuma ɗiyar gwaggon Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi. Ɗansa Usama, wanda baƙi ne, shi aka zaɓa wa Faɗimatu ɗiyar Ƙaisu. Salim, ƴantaccen Abu Huzaifa, ɗiyar ɗan'uwan maigidansa aka ba shi. Ba na musun cewa mazhabarmu ta ba uba ikon ijbari a kan budurwa, amma malamai sun rataya wannan iko ga maslahar ɗiyar, don tausayin uba ake zaton ya fi na kowa, ba a ba shi don ya kare sunan kakansa da hawayenta ba. Sai ga shi muna alwala da salla da gado a Malikiyya, ranar aurar da ɗiya kuwa mu koma wata mazhaba da ba mu san ko sunanta ba, wadda in an bincika urfi ne kawai na jahiliyya da aka naɗa wa rawani.

Masu ɗora wa fim laifi ba su rasa abin kamawa ɗungum ba, wajibi ne a ba su haƙƙinsu ko da kaɗan ne. Katin da ke ɗauke da labarin soyayya mai tsabta shi ne kuma ke ɗauke da alfasha, mai turawa ba ya tambayar shekarun mai saye. Gidajen bene da motocin da ake nunawa sun sa akwatin aure ya yi nauyin da ke tura yara hamada. Auren wata Ba'amurkiya da wani saurayin Panshekara a 2020 ya sa samari da yawa suka ɗauki farar mace a matsayin biza, suna kwana bisa Facebook suna farauta. Kisan da wani ɗan ƙasar Sin ya yi wa budurwarsa a unguwar Janbulo ta Kano a 2022, wanda kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2024, ya tuna wa iyaye cewa baƙon da ba a san gidansu ba hatsari ne. Mutanen da kaburburan hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ke ƙasarsu a Maijirgi tun 1899, waɗanda kakanninsu suka ga yadda rundunar waɗannan biyu ta kwashi mata kamar ganima, suka kuma ga kwamandoji suna aje mata su tafi su bar su da ɗiya, suna da uzuri in sun yi ɗari-ɗari da baƙo. Binciken hali da addini da lafiya da sana'ar mai neman aure haƙƙin ɗiya ne a kan waliyyinta. Sai dai duk wannan hujja ce a kan wanda ba a sani ba. Yaron unguwarmu kuwa a gabanmu aka yanke masa cibiya, tare da ƴaƴan mai ƙin nasa ya yi allo.

Natijar wannan karo tsakanin duniyar da ta faɗaɗa da mudun da bai sake ba tana bayyane ga mai son gani. Ta farko, hira ta bar ƙofar gida, inda iyaye ke ganin mai zuwa, ta koma cikin waya ƙarƙashin zane bayan an kashe fitila, wato tsananin da aka yi don tsare ɗiya shi ya kai ta inda ba mai tsaronta. Ta biyu, wadda ta fi ciwo, uban da ya ji labari irin na maƙwabcinmu yakan yi sauri ya cire tasa ɗiyar daga koleji ya aurar kafin ta kawo masa nata Buzun, ko da yake akwai dokar 2017 da ta yi alkawarin tsare karatun ƴan mata. Ta haka tsoron fim ke ciyar da adadin nan na kashi 89 gaba. Ta uku, auren da aka ɗaura bisa ƙi yakan ƙare da yaji da gudu da saki, yarinya ta zama bazawara tana da shekara 17, sa'an nan, abin dariya abin kuka, a bar ta ta auri wanda take so, tun da bazawara ba a yi mata ijbari, kuma ba a cika tsananta binciken asali a aure na biyu ba. Ta huɗu, saurayin da aka kora yakan ɗauki jakarsa ya yi arewa, wasu su komo da kuɗin da ke sa a manta da kakansu nan take, abin da ke nuna ƙimar ƙa'idar tun farko, wasu kuma ba su komowa. Alheri ɗaya da na gani shi ne yara sun fara tambaya da babbar murya, har a gaban malamai, ina aka rubuta wannan.

Laifin da ni nake gani ga masu fim dabam ne da wanda ake faɗa, wato rashin ƙarfin hali. Tun da aka kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001, ana kai ruwa rana a kan rawa da sutura da taɓa hannu, har aka kori Rahama Sadau a 2016 saboda rungumar da ta yi a bidiyon waƙa, amma batun asali kowa lallaɓa shi yake yi. Sau nawa muka ga labari ya kai inda za a fasa ƙwai, sai a gano a ƙarshe cewa yarinyar talakan nan ashe ɗiyar attajiri ce da ta ɓata tana jaririya, ko yaron nan ashe jinin sarauta ne? Irin wannan warwara tana tabbatar da ƙa'idar ne, tana ce wa mai kallo iyayen suna da gaskiya, kuskuren lissafi kawai suka yi. Ƙasar nan kuwa ta taɓa yin masu ƙarfin hali: Oumarou Ganda, wanda Rouch ya fara sa shi gaban kyamara, ya ɗauki babbar kyautar FESPACO a 1972 da Le Wazzou polygame, labarin alhajin da ya ƙwace budurwar da aka yi wa wani alkawari, Rahmatou Keïta ta kai kyamararta Damagaram ta yi Zin'naariyâ a 2016. An sake wa cibiyar al'adu ta Yamai suna daga Jean Rouch zuwa Moustapha Alassane a 2024, an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025. To, sake suna ba ya ɗaukar fim. Wayar da ke aljihun ɗan koleji a Mayahi tana ɗaukar hoto da murya cikin sauƙin da Rouch bai samu ba, dabararsa kuwa ba ta bukatar kuɗi: a tara aji ɗaya, ɗan maƙera da ɗiyar liman da ɗan Buzu da ɗiyar mai gari, a ce su buga abin da zai faru in ɗaya ya kai goro gidan ɗaya, kada a gano a ƙarshe cewa kowa ɗan sarki ne, sa'an nan a nuna wa iyayensu a filin lakwal bayan isha'i.

Yarinyar unguwarmu an ɗaura mata aure bayan girbi da wani ɗan'uwan ubanta a wani ƙauye kudu da gari, littattafanta suna nan cikin buhu a ɗakin uwarta. Yaron ya hau motar Agadas mako biyu kafin ɗaurin auren, an ce yana wajen zinariya. Uban kuwa mutumin kirki ne, ba ya fashin jam'i, ba a taɓa jin ya ci haƙƙin kowa a kasuwa ba, shi ya sa ma al'amarin ya fi damuna. Kwanan baya na iske shi da dare wajen mai shayi, an jingina waya jikin gwangwanin madara ana kallon wani fim ɗin Indiya da aka fassara, ya matso da kujerarsa har gaba; da aka zo inda attajirin uba ya sa ƙarti suka jefar da saurayin ɗiyarsa waje don ɗan mai wanki ne, sai na ji ya ja tsaki ya ce, “Kai, wannan tsoho bai da tsoron Allah.” Na dube shi, ya dube ni, sai ya ce wa mai shayi ya ƙara masa sukari.